Fumfuna a bangon ɗaki: amsa ga wata uwa a Mile 12

Wata baiwar Allah da ke zaune a unguwar Mile 12 a Legas ta aiko da tambaya. Shekararta biyu da tarewa daga Gusau, suna haya a ɗaki da falo a ƙasan bene. Tun daminarta ta farko baƙi-baƙi ya fito a bangon uwar ɗaka, bayan wadrob da gefen katifa. Sau biyu maigidanta na sa a yi fenti, sau biyu abin na dawowa. Shaddojinsa da lesukanta sun ɗauki wari, takalman fata sun yi furfura, ɗanta mai shekara 3 kuma yana tarin dare. Tana son sanin da me za ta wanke bangon, da kuma ko shi ke sa yaron tari.

Malama, Allah Ya ba yaro lafiya. Ni gini da gyaran gidaje ne sana'ata, na haura shekara 20 ina yi a Legas, kuma ɗaki irin naki na shiga ba adadi. Abin da kike gani fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Irinta yana yawo a iska ko'ina, a Gusau ma akwai shi, ido ba ya ganinsa. Abincinta ƙura ne da fenti da katako da yadi, waɗanda babu ɗakin da ya rasa su. Abu ɗaya take jira, laima. Shi ya sa fentin maigida bai yi aiki ba: an kashe maciji ba a sare kansa ba. Muddin bangon yana jiƙe, ko sau goma aka shafe shi, sau goma za ta ɓullo.

A gida Arewa ba mu cika sanin wannan matsala ba, domin ko an sha ruwa a Agusta, hunturu na zuwa ya busar da komai har leɓe ya tsage. Nan kuwa ana soma ruwa tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, alhali abin da ake so a cikin ɗaki shi ne kada ya haura 60. Ga shi Mile 12 kwari ce kusa da kogin Ogun, wanda ke cika ya malalo unguwannin gefensa idan aka saki ruwan madatsar Oyan. A irin wurin nan, in ka haƙa rami ba ka yi nisa ba za ka tarar da ruwa.

Kafin ki ɗauko bokiti, sai kin gano ta ina ruwan ke shigowa, domin kowace hanya da maganinta.

Ki sa maigida ya janye wadrob ɗin, ki tsaya ki ƙare wa bangon kallo da rana. Idan laimar daga ƙasa ta taso, ta tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, ta bar layi mai kama da inda ruwa ya tsaya a jikin randa, fenti yana kumbura yana ɓarewa, filasta tana zuba kamar gari, to ƙasa ce ke shayar da bangon. Bulon siminti da yashi yana zuƙar ruwa kamar lagwanin fitila. A ƙa'ida ana shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta tsakanin harsashi da bango, a zuba kankare a daɓe kafin a ɗora bulo, abin da magina ke kira jaman fulo. Masu gina gidan haya da yawa sukan tsallake wannan don rage kuɗi, ɗan haya kuma shi ke biya da lafiyarsa. Irin wannan laima ba ta cika wuce mita ɗaya ba. Takan zo da wani farin gari mai ƙyalli da mutane ke ɗauka fumfuna ce. Gishirin ƙasa ne. Ki kankaro kaɗan ki zuba a ruwa, in ya narke gishiri ne, fumfuna ba ta narkewa.

Idan tabon daga sama yake, a silin ko a kusurwa, ko kuma a tsakiyar bango wuri ɗaya, yana ƙaruwa bayan an yi ruwa, to yoyo ne. Ku da ke ƙasan bene, abin da zan fara zargi shi ne banɗakin na sama da ku, ko bututun da aka binne a cikin bango. Ki duba kuma ko bangon nan bayansa banɗakinku ne, ko akwai bututun iyakwandishan ɗin wani da ke ɗiga a jikinsa dare da rana, ko tankin ruwa da ke ambaliya duk lokacin da aka kunna famfo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Ta ukun ita ce mutane ba sa yarda da ita, domin ba mai gida za a ɗora wa laifi ba. Ɗakin ne da kansa yake gumi. Numfashin mutum huɗu ko biyar da suka kwana taga a rufe, tururin girki, ruwan wanka mai zafi, wankin da aka shanya a ciki saboda ana ruwa a waje, duk wannan ruwa ne a iska, kuma sai ya sami inda zai sauka. Wanki ɗaya kaɗai yakan saki kusan lita 2 kafin ya bushe. Risho ma haka, kowace litar kananzir da ta ƙone takan bar kimanin litar ruwa a iska. Inda wannan danshi ke taruwa shi ne inda iska ba ta kaiwa: bayan wadrob, ƙarƙashin katifa, kusurwar da aka jera akwatuna.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa mutane. A yanko leda mai gaskiya kamar faɗin faranti, a goge bangon, a manna ta da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru ta cikin ledar, ɓangaren da ke manne da bango, ruwan daga bangon yake fitowa. In ta waje ta taru, iskar ɗakin ce. Daga yadda kika kwatanta, ƙasan bene a Mile 12, baƙin kuma a bayan wadrob da gefen katifa, ina kyautata zaton biyu ne suka haɗe miki, ta ƙasa da ta gumi.

Yanzu wanki. Ranar da za a yi, ki kai yaran gidan maƙwabta, kada su dawo sai ɗaki ya bushe. Mai asma, mai ciki, tsoho, wanda ya taɓa yin tarin fuka, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kada su sa hannu, kada ma su tsaya a wurin. Mai wankin ya sa safar hannu ta roba, da tabarau, da takunkumi nau'in N95 da ake samu a manyan kemis. Mayafi da aka naɗe a hanci ba ya tare irin fumfuna. A buɗe tagogi duka, a rufe ƙofar da ke shiga falo, a kashe fanka har sai an gama gogewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko tsintsiya ko burushi a kankare bangon a bushe. Yin haka shuka ce, ana watsa irin ya cika ɗaki ya sauka a kan gado da tufafi da huhun mai sharar. A fara jiƙa wurin da ruwan omo, sannan a goge da soso ko tsumma, ana yi ana ɗaurayewa a bokiti. Ruwan omo da ƙarfin hannu su ke yin mafi yawan aikin. Bayan an ɗauraye da ruwa mai tsabta, in wurin tayil ne ko daɓen siminti mai santsi, za a iya bi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya a lita 4 na ruwa, kada a wuce haka. A bar shi minti 10, a goge, sannan a kunna fanka ta busar. Tsummokaran a ƙulle su a leda a zubar.

Ki riƙe wannan da kyau: bilic da ruwa kawai ake haɗa shi. Kada a gauraya shi da Harpic ko wani maganin wanke masai, ko ruwan kal, ko duk abin da ke da amoniya. Yawancin magungunan masai asid ne, idan suka haɗu da bilic sai su saki iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Na taɓa zuwa aiki wani gida na tarar an fito da wata yarinya mai aikatau daga banɗaki tana haki, idanu jajir, don uwar ɗakinta ta ce ta haɗa biyun wai ya fi fitar da datti. Allah Ya sa ƙofar a buɗe take.

Kada kuma farin da bangon zai yi ya ruɗe ki. A kan filasta mai shan ruwa, bilic yakan cire launin ne a sama, saiwar tana nan ciki. Idan kuma abin ya yi faɗi, ya wuce kimanin mita ɗaya tsawo da faɗi, hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a nemi masu aikin, ni ma haka nake gani, domin galibi a lokacin filastar ce ta ruɓe, ba wanki take buƙata ba, sarewa za a yi. Silin kuma, in irin tsohon farin allon asbestos ne da ke gidajen da aka gina da daɗewa, kada a kankare shi ko a goga masa sanfefa, ƙurarsa ta fi fumfunar haɗari.

Kayan ɗaki su ne inda zuciya ke ƙuna. Abin da ke shan ruwa har ciki ba ya wankuwa. Katifar soso da fumfuna ta ratsa, kafet, kwalaye, bayan wadrob da aka yi da matsattsen garin katako ya kumbura, waɗannan haƙuri za a yi a rabu da su. Na san katifar aure ba abin yarwa ba ce, amma yaro yana kwana hancinsa a kanta awa takwas ko tara. In tabon a sama-sama ne kawai, a fitar da ita, a goge, ta sha rana yini biyu ana juyawa. Tufafi a kakkaɓe su a waje, a wanke, a shanya a rana sosai, a goge da dutsen guga mai zafi kafin a ninke. Shadda da leshi kada bilic ya taɓa su. Takalma da jakunkunan fata a goge su da sifirit da aka sirka da ruwa daidai wa daida, su bushe a inuwa mai iska. Alƙur'ani da littattafan Islamiyyar yara a buɗe su a inuwa gaban fanka, in sun bushe a share da burushi mai laushi a waje, sannan a sama musu kanta a sama, nesa da bangon nan. Ki ɗaga ledar tsakar ɗaki ma ki leƙa ƙarƙashinta. Sau da yawa warin da ake nema a bango a nan yake kwance.

Tunda na ambaci wari, bari in taɓo abin da na san mata ba za su so ba. Turaren wuta yana rufe warin laima, ba ya korar ta. Na sha shiga ɗaki ƙamshi ya tare ni tun daga ƙofa, in janye labule in ga bango baƙi ƙirin. Hancinki shi ne mai gadinki, in kika toshe shi da ƙamshi ba za ki san abin ya dawo ba. Hayaƙin kuma yana tayar wa yaro mai tari da ciwonsa, haka maganin sauro na kunnawa. Wanda ya fi wannan muni shi ne a hura gawayi a kasko a rufe ɗaki wai don ya bushe, ko a shigo da janareto baranda don gudun ruwa. Dukansu suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane a cikin barci.

Sai abinci. Mu 'yan Arewa ba ma dawowa daga gida hannu rabbana: buhun masara, gero, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen barkono, kuka, kuɓewa. A Gusau buhu zai shekara a jingine ba abin da ya same shi. A nan wata biyu a kan daɓe ya isa. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta. Dahuwa ba ta kashe ta, wanki ma haka. Duk abin da ya canza launi ko yake warin ruma a zubar, kada a ba kaji ma. Sauran a ƙara shanya shi, a zuba a bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako.

Hana ta dawowa ya fi wankin wuya, domin sabo za a canza. Mun taso muna rufe taga saboda ƙura da sanyin hunturu, muna manna kaya da bango don ɗaki ya yi fili, muna shimfiɗa katifa a ƙasa. A Legas kiɗa ya canza. A bar tazarar faɗin tafin hannu tsakanin bango da wadrob da gado. A sa kafinta ya haɗa ko ɗan gadon katako mai ratsi-ratsi ne, katifa ta bar ƙasa. Kullum da hantsi, in ba ruwa ake yi ba, a buɗe tagogi da ƙofa iska ta ratsa, a buɗe ƙofofin wadrob su ma, a kunna fanka in akwai wuta. A wanke ragar sauron taga, don in ƙura ta toshe ta, buɗewa da rufewa duk ɗaya. Kayan sallah da na biki da ke cikin akwati ko jakar Ghana-mos-go a riƙa fito da su suna shan iska duk ranar da rana ta buɗe. Wanki a shanya a baranda, in dole sai a ciki, to kusa da taga buɗaɗɗiya da fanka a kai. In ruwa ya shigo ɗaki, duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, bayan haka fumfuna ta riga ta kama. Mai iyakwandishan ya riƙa sa ta a yanayin busar da iska, wanda alamarsa ɗigon ruwa ce a rimot, ya kuma wanke matatarta. Akwai na'urar tsotse danshi, tana aiki ƙwarai, amma da irin wutar NEPA da kuɗinta ba zan ce kowa ya saya ba.

In gwajin leda ya nuna daga bango ne, wannan aikin mai gidan haya ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora masa gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kai. Maigidanki ya ɗauki hotuna, ya sanar da mai gidan hayar ko kiyateka a rubuce, ko ta WhatsApp ne, kada ya tsaya a maganar baka. In ku za ku yi gyaran da kuɗinku a cire a haya, a rubuta a sa hannu kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya. In an kasa daidaitawa, Ma'aikatar Shari'a ta jihar tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron rikicin haya kyauta.

Gyaran gaskiya daga waje yake farawa: a yashe kwata, a toshe yoyo, a rage ƙasar da ta taru a gindin bango, a zuba kankare mai gangara ya kore ruwa. Sannan a sare filastar ciki har a wuce layin laimar da kamar tsawon kamu ɗaya, a bar bulo ya sha iska makonni, a sake filasta da sinadarin hana ruwa, sai ta bushe sarai a yi fenti. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Abin da masu gida suka fi so shi ne a manna tayil zuwa ƙugu, ko fentin mai, ko takardar bango. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ruwan da aka hana fita ta ƙasa sai ya hau ya ɓullo ta saman tayil ɗin. Akwai kuma gidan da ba ya gyaruwa da kuɗin da ya dace da ɗan haya, musamman wanda titi ya fi daɓensa tudu. In naku irinsa ne, ku soma cigiyar ɗaki a sama tun kafin haya ta ƙare. Ku je dubawa a Yuni ko Yuli, ba a Janairu ba. Ki shaƙi iskar ɗakin da zarar ejen ya buɗe ƙofa, ki dafa gindin bango da tafin hannu, in kuma kika ga sabon fenti a rabin bango na ƙasa kaɗai, ki tambayi matan gidan abin da ke ƙarƙashinsa.

Maganar tarin yaro, ni ba likita ba ne, amma alaƙar sananniya ce. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan laima da fumfuna a cikin gida, inda ta nuna mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari, da shasshekar ƙirji, da tashin asma. A Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Disamban 2020, bincike kuma ya tabbatar daɗewa cikin fumfunar gidan haya ce sanadi, har aka yi doka a kan masu gidaje saboda shi. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Tarin dare yana iya zama asma, yana iya zama wani abin daban, kuma wankin bango ba zai maye gurbin asibiti ba. Ki kai shi a duba ƙirjinsa cikin makon nan, ki nuna wa likita hoton bangon a wayarki, ki faɗa masa ko tarin na sauƙi idan kun je gida hutu. In kika ga numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa ko magana, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Daga daren yau ki mayar da shimfiɗarsa falo.